Iskar da Na Ba Tayar Baya

Ni ne ɗan fari a wajen Inna, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in ɗebo ruwa sai ta juya wa bango fuska ta ce, "A faɗa wa wancan randa ta ƙafe," alhali daga ni sai ita a tsakar gidan. Kakanninta masu shanu ne kafin su ajiye sanda su kama fartanya a ƙauyenmu da ke bayan Garo, saboda haka kunyarta ninki biyu ce, ga ta Hausa ga ta Fulani. Autanmu kuwa da shi ake hira, da shi ake ƙyaƙyata dariya, har yau da yake da gemu da 'ya'ya uku takan kai masa dukan wasa da muciya. Ni ban taɓa jin zafin abin ba, haka na buɗe ido na ga ana yi a kowane gida. Na fara da wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri nan gaba ya ce ai bai san halinta ba. Wallahi na sani.

Ina koyarwa a wata firamare a Gwarzo, can nake zaune da iyalina. Ban fi wata takwas da sayen mashin ba man fetur ya yi tashin gwauron zabo, sai na zama wani irin mutum da ni kaina yanzu ba zan so in zauna kusa da shi ba. Gangara kaɗan, na kashe inji. In na hango wanda na sani a bakin hanya sai in yi kamar ƙwaro ya faɗa mini a ido, don kada ya ce in rage masa hanya. A majalisarmu ta bayan la'asar akwai 'yan acaɓa biyu, su suka ɗora ni a kan karatun iska. Suka ce, "Malam, sirrin mai a taya yake. Ka buga mata iska ta yi tauri kamar dutse, mashin da kansa zai riƙa tafiya." Da na shiga Kano sai na sayo geji, ɗan ma'aunin iskar nan mai kama da biro, na soke shi a aljihun gaba kusa da jan birona na ba da maki. Kowace safiya sai na tsuguna na auna tayoyin nan biyu kafin in karya kumallo. Matata takan leƙo daga madafa ta ce, "Likita, ya masu jiki?"

A bakin gari, ta hanyar da ta nufi Kabo, akwai wani dattijo mai faci a gindin darbejiya. Baba mai faci kowa yake ce masa. Shi ba ruwansa da geji. Yana da babban yatsa da ya yi kanta har ya baje, da wata tsohuwar sifana. Ya danna taya, ya ƙwanƙwasa ta, ya kasa kunne, shi ke nan ya gama awonsa. Amma abin da aka fi saninsa da shi tambaya ce. Ba ya sa wa taya tiyo sai ya ce, "Ina aka nufa? Me za a ɗauka?" In ka ce buhu biyu na masara za ka kai kasuwa a kan kwalta, ya ƙara wa ta baya. In ka ce cikin ƙauye za ka inda yashi yake, ya rage kaɗan don taya ta baje ta kama ƙasa. In ka ce mai ciki za ka kai awo, ya danna ya sake dannawa, ya bi ka da nasiha har ka tayar da mashin. Ba ya kuma yarda a rage ta wuce kima, yakan ce taya mai yunwa rami ɗaya ne ajalinta. Mutane suna kiran wannan gwaninta. Ni a lokacin sa-ido nake kiransa, kuma don dai famfonsa ya fi kusa da gidana nake zuwa.

Ƙarshen daminar waccan shekarar Inna ta zame a bakin rijiya, ta dafa ƙasa, tsintsiyar hannunta na dama ta karye. Auta ya ɗauko mai ɗori daga wajen Masanawa, wani tsoho mai faɗa wanda ya gaji sana'ar iyaye da kakanni. Ina wurin aka yi ɗorin. Ya ja, ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera kara ya ɗaure, ya rataya mata hannun a wuya da ɗankwali. Da zai tafi ya tsaya a zaure ya ɗaga mana yatsa, ni da auta. Ya ce, "Ku ji ni da kyau. Ƙashin tsoho ba na yaro ba ne. Na kama shi daidai, in an bar shi zai haɗe. In ya goce sau ɗaya, to ko ni ko wanda ya fi ni, ba zai koma yadda yake ba. Ko kuɗa kada ta kora da shi."

Kwana goma bayan nan auta ya bugo mini waya yana ta tsaki. Ya ce ya kama ta tana shara da hagu, jiya kuma tana ƙoƙarin kunce akuya. Matarsa ba za ta iya tsawata mata ba, shi kuma yana gona, ga yankan gero ya matso. Na ce to maganin abin ɗaya ne, in kawo ta Gwarzo, inda ba akuya ba rumbu, matata ta sa mata ido har ta warke. Shawarar ba ta da aibi, har yau ina ganin haka. Matsalar hanya ce. Daga kwalta zuwa ƙauyenmu akwai tafiyar kusan rabin sa'a a kan burji, kuma ruwan shekarar ya cinye ta wuri uku, mota ba ta shiga sai bayan kaka. Mashin kaɗai ke wucewa.

Ranar Lahadi da hantsi na biya wajen Baba mai faci. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi yara da ɗalibai, na amsa masa a gajarce ina duba agogo. Na ce ya ƙara mini iska a ta baya. Ya sunkuya ya danna ta da yatsan nan nasa, ya ɗago.

"Ai wannan ta ƙoshi, Malam. Ina aka nufa?"

"Baba, iska na zo sha."

"Na ji. Me za a ɗauka?"

Na ce tsohuwata zan ɗauko daga bayan Garo, ta samu karaya a hannu. Ya ajiye tiyon a ƙasa. Ya ce, "Subhanallahi. Allah Ya ba ta lafiya. To ai ragewa za mu yi, ba ƙari ba. Hanyar nan na san ta, gargada ce da tsakuwa. Mu ɗan sassauta ta baya kaɗan, ka bi a hankali, in kun hau kwalta ka tsaya ko'ina a mayar maka."

Sai na zaro geji. Kai, in na tuna yadda na zaro shi, kamar alƙali zai karanta hukunci, sai in ji ina ma ƙasa ta tsage. Na nuna masa 'yar takardar da ke manne a jikin mashin, na ce masu ƙera shi da kansu sun rubuta in za a yi goyo a ƙara wa ta baya. Gaskiya ne, haka aka rubuta. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, tuni tayar ta kai inda takardar ta ce, ni so nake ta wuce, don tafiyar da nisa kuma ina lissafin mai.

Baba ya ce, "Masu takardar nan sun taɓa ganin tsohuwarka? Nawa take? Na tabbata ba ta kai buhun gero ba. Kuma ga rana, kafin ka isa ita ma za ta ƙara maka nata, taya in ta yi zafi kumbura take."

Akwai mutum uku a kan benci suna jiran faci, duk suka zuba mana ido. Da mu biyu ne kaɗai wataƙila da na ji. Amma malamin makaranta, da geji a hannu, a gaban jama'a? Na ce, "Baba, zamani ya wuce awon yatsa. Ka ba ni abin da na tambaya."

Bai yi fushi ba. Ya tayar da injinsa, ya miƙo mini bakin tiyon ya ce, "Ungo, sa da hannunka. Mashin naka ne, uwa ma taka ce."

Na sa da hannuna. Na buga, na auna, na ƙara, har tayar ta yi ƙaf, in ka ƙwanƙwasa ta sai ta amsa kamar ganga. Na hau na tafi ko waiwaye ban yi ba.

A kan kwalta mashin ya yi ta zuba gudu, ina jin daɗi ina cewa a raina, ka gani ko. Ina sauka kan burji labari ya sha bamban. Bayan mashin ya fara tsalle, kowane ɗan dutse sai na ji shi har ƙeya, haƙorana suna haɗuwa. A wani kwana tayar baya ta zame a kan tsakuwa har sai da na sa ƙafa. Na tsaya a gindin wata ɗorawa ina haki. A nan ne fa. Ba wanda yake ganina, Baba yana can Gwarzo, mutanen benci sun tafi harkarsu. Tsinken ashana ya isa. In sunkuya, in danna bawul, iska ta fita na ɗan lokaci, shi ke nan. Har na kai hannu aljihu. Sai wata zuciyar ta ce, ai ni kaɗai ne shi ya sa yake tsalle, in aka samu nauyi a baya zai zauna. Na yarda da ita nan take, don ita ce ba ta ce na yi kuskure ba.

Na isa gida wajen azahar. Bayan mun yi sallah mun ci abinci, auta ya zagaya mashin ɗin, ya taka tayar baya da ƙafa ya ce, "Yaya, wannan ai dutse ka ɗauro." Na ce ya bar abin da bai sani ba. Ya ce to ko shi ya kai ta a nasa, ni in bi su a baya da kaya. Nasa wani tsohon akwala ne mai hayaƙi, sirdinsa an ɗaure da roba. Inna tana zaune a kan tabarma da ƙullin kayanta, sai na ji ta ce, ba ni take kallo ba, "Shi wannan ɗin ma ai ya iya kai mutum."

Na gane abin da take nufi. Auta za ta iya riƙe shi. Za ta iya cusa hannun hagunta a rigarsa, ta jingina da bayansa, ta dungure masa kai in ya yi gudu, ta ce tsaya in huta. Ni ba za ta iya ko ɗaya ba. Na gane, amma abin da ya cika mini kai shi ne, ni ne babba, ni na kawo shawara, ni ke da sabon mashin, sai kuma a shiga Gwarzo da uwata a kan wancan akwala ina biye kamar ɗan rakiya? Na ce auta yana da aikin gona, kada a ɓata masa yini. A gidanmu in babban wa ya yanke, an yanke.

Auta da matarsa suka taimaka mata ta hau. Ta ja da baya, ta ja da baya, har ta zauna a ƙarshen sirdi daf da kariya, ƙarfen nan na ɗaura kaya. Tsakanina da ita da za a iya ajiye ƙwarya. Ta miƙa hannun hagu baya ta kama ƙarfen, na daman yana rataye a ƙirjinta cikin mayafi. Auta ya ce, "Inna, ki riƙe rigarsa mana." Ta ce, "Na zauna." Wanda ya san mashin ya san wurin da ta zauna ɗin nan daidai saman tayar baya ne, duk abin da tayar ta taka a jikinta zai sauka.

Da farko na bi a hankali, Allah Ya sani. Giya ɗaya, giya biyu, ina kauce wa ramuka. Duk da haka mashin bai zauna ba. Nauyin da na yi zato babu shi, Inna ba ta da jiki, ina jin yadda take tashi tana komawa a bayana. Muna wuce gonakin gero da suka sunkuyar da kai, masu aiki suna ɗago mana hannu, ni kuwa ina ta yi wa kaina alkawari: in mun kai ɗorawar nan zan tsaya in rage. Muka kai ɗorawar. Sai na tuna in na tsaya dole ta sauka, kuma ba auta da zai taimaka mata, ni zan kama ta, ita kuma za ta ga ina sakin iskar da na hana a taɓa. Na wuce.

Sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa karan dawa. Na ce kada ruwa ya jiƙa ɗorin, na ƙara mai. Akwai wani kwazazzabo kafin a fita kwalta, ruwa ya wanke ƙasar ya bar tsakuwa da wani tudun dutse a tsakiya. Na shiga da ɗan gudu. Ta gaba ta haye lafiya. Ta baya ta daki dutsen ta yi sama, ta sauko a kan tsakuwa ta zame gefe. Mashin ya karkata, na taka ƙafa na tare shi, ba mu faɗi ba. Amma na ji ƙarar kara a kan ƙarfe, ƙwas, na kuma ji numfashinta ya ɗauke ya dawo.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Da mashin ya wurga ta, hannun hagun ya kufce. Bayana yana nan a gabanta, taku ɗaya babu, da ta faɗo kaina da ba abin da zai same ta. Ta ƙi. Ta juya ta tare da karyayyen hannun a kan kariya.

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Mu je."

Muka je. Ruwan ma bai zuba ba, hadarin ya bi ta kudu ya watse.

Da muka isa Gwarzo matata ta fito da murna tana sannu da zuwa, ta kama ta ta sauke. Inna ta jiƙe sharkaf da gumi, leɓɓanta sun yi fari. Matata ta ce, "Inna, jikin ne?" Ta ce rana ce. Ta ja mayafi ta rufe hannun, ta shige ɗakin da aka gyara mata. Ni kuma na tsaya a waje ina goge ƙurar mashin, na daɗe ina gogewa.

Kwana uku. Kwana uku ina shiga da safe in durƙusa daga bakin ƙofa in ce, "Ina kwana, Inna, ya jiki?" ta dubi gefe ta ce da sauƙi, in tashi in tafi makaranta. Na san ba sauƙi. Na ji ƙarar nan da kunnena. Amma muddin ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, to kamar abin bai faru ba ne. Ina tsaye a gaban allo ina koya wa yara gaskiya da riƙon amana a darasin tarbiyya. A rana ta uku matata ta tare ni a zaure, ba wasa a fuskarta. Ta ce, "Malam, na ga hannun Inna da zan taya ta wanka. Yatsun sun kumbura sun yi baƙi, karan ma a karkace suke. Ba ta barci, zama take ta jingina da bango. Me ya faru a hanya?" Na ce ba abin da ya faru, hanyar ce dai ba kyau.

Muka kai ta asibiti a keke mai ƙafa uku, aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mini inda ya goce. Ya ce da an kawo ta a ranar da abin ya zo da sauƙi, yanzu sai dai aiki a Kano. Inna ta ce ita ba mai yanka ta, a kira mata mai ɗorinta. Na roƙe ta ta bakin matata, ta ƙi.

Washegari auta ya kawo mai ɗorin. Tsohon ya kwance ɗaurin a tsakar gidana, ya ga hannun, ya yi salati, sannan ya miƙe tsaye yana huci. Ya ce, "Wa ya ɓata mini aiki? Wannan ba gocewar barci ba ce, dukansa aka yi da wani abu. Ban faɗa muku ba? A zaure ban faɗa muku ba?" Ya dubi auta, ya dube ni. Matata tana tsaye a bakin madafa, ita ma ni take kallo. Na buɗe baki zan faɗa wa mai ɗorin gaskiya. Kalma nawa ce? Ni ne, Baba, a hanya ne.

Inna ta riga ni. Ta ce, "Ni ce. Mantawa na yi na dafa ƙasa da shi zan tashi daga sallah."

Tsohon ya juya kanta. Ya yi mata faɗa irin wanda ake yi wa yarinya, a gaban surukarta, a gaban jikokinta da suka leƙo ta taga. Ya ce tsofai-tsofai da ita ba ta jin magana, ya ce taurin kai ne zai nakasa ta, ya ce ta wahalar da 'ya'yanta a banza, bayin Allah suna ta ɗawainiya da ita. Ta sunkuyar da kai tana cewa, "Haka ne. A yi haƙuri." Sai ya juyo wajena yana neman mai tayawa, ya ce, "Ko ba ku hana ta ba, Malam?"

Na ce, "Ai mun faɗa mata."

Da bakina na faɗi haka. Ba wanda ya matsa mini. Da na yi shiru ma da ya fi, shirun matsoraci ne amma dai shiru ne. Na ji matata ta saki murfin tukunya ta shige ɗaki.

Mai ɗorin ya sake jan ƙashin. Auta ya riƙe ta ta baya, ita kuma ta cusa gefen mayafi a baki ta cije. Ni aka ce in riƙe kwanon man shanu. Da aka gama tsohon ya wanke hannu ya ce ya yi iyakar abin da zai iya, saura sai Allah, amma kada mu sa rai.

Na fi wata biyu ban bi ta gaban darbejiyar nan ba, zagaye nake ta bayan kasuwa. Ranar da ƙusa ta huda mini taya ba nisa da wurinsa, dole na tura mashin na je. Baba ya yi facinsa, sai da zai ba ta iska ya ce, "Ranar nan kun isa lafiya da tsohuwa?" Na ce lafiya ƙalau. Ya ɗago ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce, "To madalla," ya mayar da kai kan aikinsa. Ban zaro geji ba ranar. Yana nan har yanzu, ina amfani da shi, abu ne mai kyau, shi bai yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya. Yanzu ba na wuce abin da takarda ta ce, kuma in zan sauka kan burji da mutum a baya nakan tsaya in ɗan sassauta, in na hau kwalta a mayar. Aikin minti ɗaya ne.

Hannun ya haɗe a karkace. Tsintsiyar ta lanƙwashe ciki, yatsu uku ba sa dunƙulewa. Ba ta iya tuƙi, ba ta iya tatsa, ba ta iya ɗaura zaninta sai ta haɗa da haƙori. Abin da ya fi ci mata rai shi ne loma. Ba za ta ci da hagu ba, na daman kuma ba ya yanko tuwo, sai aka saya mata cokali take soke shi tsakanin yatsun. Macen da ta shekara saba'in tana cin tuwo da hannu.

A gidanmu labarin ya zauna yadda ta faɗe shi. Ya zama abin tsokana, labarin Inna da taurin kai, wadda mai ɗori ya yi wa tatas a Gwarzo. In yaro ya ƙi jin magana sai a ce ya gado kakarsa. Ita ma dariya take yi in ana faɗa. Matata kaɗai ce ba ta dariya, tashi take ta ce za ta duba wuta.

Sallar da ta wuce muna zaune a tsakar gida a ƙauye, an cika, har da baƙi daga dangin matar auta. Inna tana gefe da kwanonta, tana fama da cokalin, miya tana zuba mata a zani. Wata baƙuwa ta tambayi abin da ya sami hannun. Auta ya gyara zama ya kwashe labarin tun daga rijiya, yana kwaikwayon muryar mai ɗori, yana ɗaga yatsa, jama'a suna ta dariya har da masu share hawaye. Da ya kai ƙarshe ya juyo ya dafa mini gwiwa.

"Ko ba haka aka yi ba, Yaya?"

Inna ta tsayar da cokalin a bakin kwano, ba ta ɗago ba.

Na ce, "Haka aka yi."